Shekarar da Aka Yi Gona a Kaina

Ni dai karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, shi ma ba don na ƙoshi ba, malamin lissafi ne ya ga zamana a gabansa yana rage masa kwana. Daga nan na kama gyaran keken ɗinki a bakin kasuwar Kurmi, shi nake yi har idona ya fara gardama da kafar allura. Saboda haka mai neman ilimin noma a wannan rubutu gara ya tashi tun rana ba ta yi masa ba. Abu ɗaya nake tinƙaho da shi: a cikin badala kaf, wato cikin ganuwar birni, ni ne mutumin da aka yi gona a kansa yana numfashi.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓa, ita ce shekarar da ɗana na uku ya gama makarantar koyon aikin gona. Ya dawo da takarda mai tambari da kalmomin da sai ka ce a maimaita. Gona kuwa babu. Wadda kakansa ya noma a gindin Goron Dutse tuni gidaje suka cinye ta, inda muke tonon gyaɗa muna yara wani ya kafa injin niƙa. Aikin gwamnati da aka yi musu alkawari, da aka canza masu kujera sai aka ce a dakata tukuna.

Siyasa ce kaɗai ba ta ce a dakata ba. Ɗan nawa yana da wani aboki tun na yarinta da ya shiga yaran wani ɗan siyasa, irin waɗanda ake lodawa a bayan mota ana zaga gari, ana ba su abin da ake ba su suna sha. Kullum da la'asar sai ya faka sabon babur a ƙofar zaurena, ya gaishe ni da ladabin da ya fi na limami, sannan ya ja ɗana gefe. Wai maigidansu yana neman mai takarda a cikin yaransa, kuma akwai rabon babura nan gaba. A lungunmu an riga an kawo yaro ɗaya da sara a kafaɗa, wani kuwa labarinsa kawai aka kawo. Ina jin ƙarar babur ɗin nan sai abinci ya fita raina.

Ran nan ɗan nawa ya same ni ina karyawa, ya tsuguna ya ce yana da shawara. Akwai wani mai lambu a fadamar da ke can bayan Ƙofar Ruwa. In damina ta ɗauke, fadama takan jima da ruwa a kwance, sai ta tsane masu lambu suke yafa irin tumatir, su jira ya isa dashe, shi ya sa kowa tumatirinsa yake nuna lokaci guda ya zama abin zubarwa. Shi yana so ya raini irin a wani wuri tun fadama tana jiƙe, kowane tsiro a cikin ledar fiya wata da ƙasarsa, ranar da ruwa ya janye sai dashe kawai. Wanda ya yi haka zai riga kowa kai kwando kasuwa. Ya je ya gaya wa mai lambun, shi kuwa ya dube shi tun daga takalmi har hula ya ce ɗan birni mai takarda bakinsa ya fi hannunsa tsawo, ya kawo tsiron a gani, sannan a yi magana.

Na ce to madalla, a ina za a raine shi? Tsakar gidanmu katanga ta tare rana, ga awakin uwarsa da ko tabarma ba su bari ba. Sai ya ɗaga yatsa sama. Na ɗauka Allah yake nufi, na ce ai kowa can ya dogara. Ashe saman ɗakina yake nunawa.

Ɗakin nan ginin ƙasa ne, rufin azara, tun na mahaifina. Na san ba a yi shi don noma ba. Amma na auna ledoji a bisa kaina da babur a ƙofar gidana, na ce ya hau.

Wanda bai tashi a cikin gari ba sai na yi masa bayani. A wajenmu namiji ba ya hawa saman ɗaki haka kawai. Gidajenmu a manne suke, in ka hau naka ka hau na mutum uku, tsakar gidansu da madafarsu da makewayinsu da ba shi da rufi duk suna tafin hannunka. Shi ya sa ko magini zai yi yaɓe sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya: a yi gafara, za a hau sama. Ya jira mata su shige ɗaka, ya sake faɗa, sannan ya taka. Ana jure wa magini don shekara ce take kawo shi. Nawa manomin kuwa safe da yamma yake hawa ban ruwa.

Da farko abin dariya ya zama. Yana kira sai ka ji guje-guje ta bayan katanga, ana kifar da kwanuka, wata tana cewa ga malamin gona nan zai duba hadari. Yana hawa da baya da baya, fuskarsa tana kallon lungu, kamar mai sauka rijiya. Da aka kwana biyu dariya ta ƙare. Tuwo ya fara kamawa a gidajen mutane, wanki yana kwana a baho. Uwarsa ta ce mini matan maƙwabta sun rage amsa mata gaisuwa. Tsiron kuwa ya fito, na bi bayansa na hau sau ɗaya na gani, kore shar, layi-layi a kan tsofaffin kwanon rufi da ya shimfiɗa. Rabon da in ga yaron nan yana dariya har haƙoransa su fito, na manta. Abokin nasa ma ya rage zuwa.

Gidan da ke bayan ɗakina na wani Alhaji ne mai sayar da kayan yaji a Kurmi, tare muka yi wasan ƙasa da shi. Wata safiya yaron ya yi kira kamar kullum, ashe injin markaɗe yana aiki a gidan Alhaji ba wanda ya ji. Yana kaiwa sama sai muka ji salati daga can. Surukar Alhaji, amaryar ɗansa, tana makewayi. Yaron ya diro ko tsani bai gama bi ba, yana rantsuwa bai waiwaya ba. Na yarda da shi har ga Allah. Amma da ɗiyata ce a makewayin nan, ni ma ba rantsuwa zan tsaya saurara ba.

Alhaji bai zo wajena ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Kai tsaye ya wuce gidan mai unguwa. A da can, da magana ta tsaya a zaurena da goro. Amma a zaɓen shekarar ƙanin matarsa ya zama kansila, tun daga ranar hular Alhaji ta ƙara tsawo, mai unguwa kuma ya koyi miƙewa in ya shigo.

Aka tara mu. Alhaji ya ce a sauko da komai yau. Na ce ranka ya daɗe, wannan ba ganye ba ne, sana'ar yaro ce, sauran 'yan makonni ya isa dashe. Mai unguwa ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya dubi rufin zaurensa kamar a can aka rubuta amsar. Sannan ya yanke: za a hau sau ɗaya a mako, ranar Alhamis da hantsi, bayan an aika mace ta sanar gida-gida. In aka kuskura aka hau a wata rana, ko da tsuntsu ake kora, gona ta sauka ke nan har abada.

Tsiron tumatir a ranar kaka, ruwa sau ɗaya a mako, ai kashe shi aka yi a cikin ladabi. Da muka dawo na ga babur a ƙofa, labari ya riga mu isowa. Yaron ya wuce shi ko kallo, ya shiga ɗaki ya yi ta zane a ƙasa da tsinke.

Abin da ya fito da shi, ko ni da nake raina boko sai da na cire hula. Ya samo robar ƙarin ruwa irin ta asibiti wajen wani mai kemis, mai ɗan abin murzawa da ake rage gudun ɗigo. Ranar Alhamis aka ja duro biyu sama da igiya, ya huda gindinsu ya zura robobi ya liƙe da kwalta, ya bi layi-layi yana ɗaura wa tsiro ƙarin ruwa kamar marasa lafiya. Muka yi ta miƙa bokiti har duro suka cika. Ya ce ɗigo-ɗigo zai kai su wata Alhamis ɗin ba tare da ƙafar kowa ta taka sama ba. Uwarsa ta ce ashe likita muka haifa ba mu sani ba.

Ana cewa abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni a kwance na hango nawa. Bayan kwana biyu ina kishingiɗe da azahar sai na ga wani tabo a rufi, daidai inda duro yake, faɗinsa kamar faifai. Na ce wataƙila tsohon tabon damina ne ban lura ba. Washegari ya zama kamar tire. Na sa sanda na taɓa, ƙasar ta lotsa kamar tuwon da ya kwana.

Na zauna na yi lissafin da malamina ya ce ba zan taɓa iyawa ba. In na faɗa, yaron zai hau, in ya hau an sauko da gona, in an sauko da gona ga babur yana jira. In na yi shiru, wataƙila rufi ya kai Alhamis. Azarar nan ta ga damina tun ba a haife ni ba, 'yan kwanaki ne za su gagare ta? Na samo wani gungumen itace a bayan madafa na tokare ta, na rataya babbar riga a jikinsa don a ɗauka maratayi na yi. Uwar yaran ta shigo da abinci ta dubi itacen, ta dubi sama, ta dube ni.

"Malam, wannan fa?"

"Ado ne."

"To Allah ya sa adon ya bar mu da kai."

Ita ma ta san lissafin. Amma tun daga ranar ta hana jikoki shiga ɗakin, kuma duk sallar da ta idar sai na ji ta daɗe a zaune. Ni kuwa ina kwance ina sauraron rufi. Ƙasa in ta sha ruwa tana da magana, wani ɗan ƙas-ƙas kamar ɓera yana cin ƙashi. Ɓarɓashi yana zubo mini a gemu ina sharewa. Yaron yakan tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai yana kallon gefen ganyen da ake hangowa, ya ce Baba ka ga sun ƙara tsawo. In ce ƙwarai kuwa, ni ma ina jin nauyinsu.

Ranar Talata da safe wani ɓangaren ƙasa kamar ƙwarya ya faɗo a kan matashina, ban daɗe da ɗaga kai daga wurin ba. Ta ramin na ga azara ta yi baƙi, ruwa yana bin ta. Na sa riga na tafi Kurmi, ba rumfata ba, rumfar Alhaji. Na gaishe shi ya amsa yana auna citta. Na gaya masa komai, na ce hawa ɗaya nake roƙo, na minti kaɗan, a sauke ruwan duro.

"Ai ba ni na yanke ba," in ji shi. "Ka je wajen wanda ya yanke."

"Alhaji, ɗakin da muka ci ɗanwake a ciki ni da kai ne zai faɗi."

"Da ka tuna da ɗanwaken kafin ka ɗora mini ƙato a bisa iyali."

Ban ga laifinsa duka ba, amma na ga rabi. Na tafi gidan mai unguwa, aka ce ya bi kansila taro, ba a san dawowarsa ba. Na tsaya a ƙofar gidan kamar wanda ya zo biki bayan an watse.

Ko da na iso gida, kayana duk suna tsakar gida, uwar yaran ta fitar. Ta riga ta gaya wa yaron. Azara ɗaya ta tsage, itacen da na tokara ya karkace, rufin ya yi ciki kamar buhu. Yaron yana tsaye a gindin tsani, hannunsa a kan matakala, bai hau ba bai saki ba. Abokin nasa yana zaure yana kaɗa makulli a yatsa.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ina jiran Alhamis."

"In na hau sun tafi. In ban hau ba su rufto da ɗakin, sun tafi."

Daga zaure abokin ya ce ai shi ya sa yake faɗa masa tun farko, wahalar nan ba ta ɗan birni ba ce, gobe ma akwai fita.

Na ce wa uwar yaran ta yafa mayafi ta shiga gidajen nan uku ta faɗa musu. Ta fita da sauri ko takalmi ba ta daidaita ba. Na jira har na ji muryarta ta bayan katangar Alhaji, sannan na ture hannun yaron daga tsani. Na ce in za a karya hukunci, mai gemu ne zai karya, don a san wanda za a kira. Na buɗe maƙogwaro na yi kiran da ban taɓa yi ba a rayuwata, har sau uku, na taka, yaron ya biyo ni.

Sama ta yi laushi kamar katifa. Kwaltar da ya liƙe gindin duro ɗaya rana ta narkar da ita, ruwa yana tsiyaya ta ƙarƙashin kwanon rufi inda ba mai gani. Muka bi gefen katanga da rarrafe, ni da shi. Ba a isa a tura duro ba, nauyin mutum biyu a wurin zai ƙarasa aikin. Ya zura tiyo daga nesa ya zuƙa da baki, ruwa ya bi ta indararo ya zuba a lungu. Muna kwance a kan ciki muna kallon duro yana raguwa, rufi yana ƙara a ƙarƙashinmu. Daga nan muka shiga zura ledoji a bokiti, uwarsa da ƙannensa suna karɓa a ƙasa suna korar awaki da ƙafa. Na gefen duro muka bari don hannu ba ya kaiwa. Mun sauko ana kiran la'asar, kafin a tayar da salla kusurwar ɗakin ta zauna da su da duron gaba ɗaya. Ƙura ta tashi, uwarsa ta yi salati a hankali.

Mai unguwa ya dawo da magariba, da shi da Alhaji suka leƙa ɗakin suka ga sama ta cikinsa. Alhaji ya ce Allah ya kiyaye gaba, kuma na ji har zuciyarsa ya faɗa. Amma hukunci hukunci ne, ba a sake ɗora ko ganye ɗaya a saman gidan nan. Na ce ranka ya daɗe, ai saman ma ta yi murabus.

Tsiron da muka tsirar suka kwana a zaure, an jera su har bakin ƙofa. Ba rana a zaure, ba wuri a tsakar gida, kuma ba su isa dashe ba. Abokin ya ce zai biyo masa da safe. Yaron ya ci gaba da gyara ledoji, ni kuwa wayewar garin nan ta fi rufin tsorata ni.

Da asuba ina dawowa daga masallaci na tarar ya aro kurar ruwa wajen masu garuwa, an sauke jarkoki, yana jera ledoji a ciki. Bai ce in zo ba, ban ce zan je ba, na dai kama gefe ɗaya. Muka fita ta Ƙofar Ruwa muna turawa, duk ramin da taya ta faɗa sai na ji kamar haƙarƙarina ne.

Mai lambun dattijo ne siriri mai guntun gemu. Muka same shi yana gyara kwari da fartanya, ƙafarsa cikin laka. Ya ɗauki leda ɗaya ya farke, ya juya ƙasar a tafin hannu, saiwa fara sol ta naɗe ta ko ɓarɓashi bai zube ba. Ya farke ta biyu. Sannan ya ce sun yi ƙanana, fadama ma ba ta tsane ba, an kawo masa amarya ba a gama gini ba. Akwai dai ɗan tudu a bayan bukkarsa inda rana take zama, amma shi ba zai bar aikinsa ya zauna renon jariran wani ba. Ruwa safe da yamma, ga ɓera, ga fara, sai mai kwana a wurin.

"Zan kwana," in ji ɗana.

"Akwai sauro, ɗan birni. Babu lantarki, babu shayi."

"Zan kwana, Baba."

Dattijon ya dube ni, wai ko da magana. Ni da na so in riƙe yaro a gida, ga shi zan bar shi a bukkar kara a bakin fadama. Na ce ni dai tura kura aka ɗauke ni, ban da baki. Ya ce to a sauke.

Sawu uku muka yi kafin rana ta take. A na ƙarshe uwarsa ta cusa tabarma da gidan sauro da ƙullin garin kwaki a tsakanin ledoji, ba ta fito rakiya ba. Cikin tsiron nan kusan rabi ba su yi rai ba, wahalar hanya ta kashe su. Sauran aka dasa da ruwa ya janye, suka riga na kowa nuna, da shekara ta zagayo masu lambun da ke maƙwabtaka suka fara zuwa bayan bukka suna tambaya ko akwai saura. Har yau sana'arsa ke nan, renon iri, yanzu da rumfar raga da yara masu koyo a hannunsa, yana yi musu faɗa da irin muryata.

Ranar da muka kai tsiron dai ni kaɗai na turo kurar zuwa gida, na mayar wa masu ita. Na tsaya a ƙofar ɗakina ina duban tulin ƙasa da karyayyen itace, uwar yaran ta zo ta tsaya a gefena ta tambaya ko ya ci wani abu kafin in baro shi. Na ce na bar shi yana jan ruwa a rijiya, bai ma ga tafiyata ba.